Kuza, Ruwan Sha da Ciwon Daji na Gado: Tambayoyin Mutanen Jos da Amsoshinsu

Ranar sadakar uku ta gwaggona, Allah ya jiƙanta, ina zaune a kan tabarma a ƙofar gida na ji magana uku a kan ciwon da ya zama ajalinta. Wani dattijo ya ce ruwan kududdufin kuza ne da suka sha suna yara a Bukuru. Daga cikin gida aka ce gado ne, don kakarmu ma da ciwon nono ta tafi. Wani kuma ya sassauta murya ya ce jifa ne. Babu wanda ya taɓa auna ruwan, babu wanda ya taɓa auna jinin kowa. Ni malamin kimiyyar sinadarai ne a wata sakandare a nan Jos, kuma ina da 'ya'ya mata uku, don haka maganar ba ta bar ni na yi barci ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda iyayen ɗalibaina, maƙwabta, masu lambu da magina suka fi yi mini tun daga lokacin.

Malam, ita kuzar da aka haƙa a Jos guba ce?

A'a, Baba. Kuza na cikin ƙarafan da ba su cika cutar da mutum ba, shi ya sa ake shafe cikin gwangwanin madara da na tumatir da ita. Ruɗanin daga bakinmu ya faro. Bahaushe na kiran kuzar da aka narka dalma, yana kiran ƙarfen nan mai nauyi na cikin batirin mota dalma, sannan yana kiran tukunyar alminiyom tukunyar dalma. Abu uku ne daban. Mai gubar shi ne na cikin batir, kuma shi nake nufi duk inda na ce dalma a nan.

Tun kafin zuwan Turawa mutanen Liruwe ke narka kuza suna zuba ta sirara kamar tsinke suna kai wa kasuwa. A farkon shekarun 1900 kamfanonin Ingila suka shigo da injuna, suka yaye ƙasar Naraguta, Bukuru, Rayfield da Barikin Ladi. Da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, aka watse aka bar mana ramuka da tsibin yashi.

To me ke cikin kududdufan da tsibin yashin da ya sa ake tsoro?

Duwatsun Filato da suka ba da kuza suna ɗauke da wasu ma'adinai a tare da ita, irin su monazait da zakon, waɗanda ke ƙunshe da toriyom da yuraniyom. Su kuwa suna fitar da tururin nukiliya, wanda ido ba ya gani amma yawansa na cutar da jiki, a hankali, ba dare ba rana. Idan aka wanke ƙasa aka cire kuza, waɗannan ma'adinai masu nauyi sai su taru a cikin baƙin yashin da ya rage, fiye da yadda suke a ƙasar asali. Masu bincike daga jami'o'inmu sun sha auna wuraren sarrafa kuza a Jos da kewaye, sun kuma sami tururin ya ɗara na sauran wurare.

Abin da ya fi damuna shi ne ganin ana lodin wannan yashi a tifa ana kai wa wajen gini don yana da araha. Wanda ya yi filasta da shi ya shigo da abin cikin ɗakin kwanansa. Akwai kuma iskar radon da ke fitowa daga irin wannan ƙasa ta taru a ɗakin da ba a buɗe taga, ga shi sanyin Jos na sa mu toshe ko'ina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya radon a matsayi na biyu bayan taba wajen haddasa ciwon dajin huhu. A bar taga a buɗe da rana, a kuma daina gini da yashin wankin kuza.

Su kududdufan ba ɗaya suke ba. Wani ruwansa ya fi na rijiyoyin cikin gari tsabta, wani kuma bola da wankin mota da taki sun gama da shi. Awo ne kaɗai ke raba su.

Ruwan rijiyarmu garai-garai yake, ba wari ba ɗanɗano. Kuma muna tafasawa. Bai isa ba?

Hajiya, tafasawa na kashe ƙwayoyin kwalara da taifot, kada ki daina. Amma wuta ba ta kashe ƙarfe. Idan akwai dalma a ruwa, tafasawa ƙara mata kauri take yi, don ruwan ne ke tashi a tururi ita kuma ta zauna. Alam na kwantar da laka, kulorin na kashe ƙwayoyin cuta, babu ɗayansu da za a dogara da shi wajen cire narkakken ƙarfe.

Ido kuma ba ya ganin komai a nan. Iyakar dalma da aka yarda da ita a ruwan sha, a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya da na Najeriya, ita ce miligiram 0.01 a lita. Wato a tankin lita 1,000 na saman gida, abin da bai kai nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya ba ya isa ya kai ruwan bakin iyaka. Arsenik, wani sinadari mai guba, shi ma 0.01 ne. Fulorayid 1.5, kuma duk wanda ya san Langtang ya ga haƙoran da yawansa ya rina. Naitiret 50, shi kuma daga shadda da takin zamani yake zuwa, kuma jarirai ya fi yi wa illa. Ki duba tazarar rijiyarki da shaddar maƙwabci. Masana na son ta kai mita 30, amma a Gangare ko Unguwar Rogo wani lokacin katanga ɗaya ce a tsakani.

Abin da ya faru a Zamfara zai iya faruwa a nan?

A 2010 gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A 2015 ta sake kashe yara a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. A duka biyun dutsen zinariya mai dalma aka riƙa kawowa cikin gida ana daka ana niƙa, ƙurar ta bi ƙasar tsakar gida, yara masu rarrafe suka kai baki. Dutsen kuza ba shi da irin wannan dalmar. Amma a kudancin Filato, wajen Wase, ana haƙar ita dalmar kanta, kuma a cikin gari akwai masu fasa tsohon batir. Wanda ke ɗayan waɗannan sana'o'i ya bar kayan aikinsa da takalminsa a wajen aiki, ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro.

Me ya haɗa lanƙwasar ƙarfe da ruwan sha?

Wannan ita ce tambayar da na fi jin daɗin amsawa. Ɗauki wayar shanya ka ɗan tanƙwara ta ka saki, za ta koma yadda take. Ka ƙara ƙarfi, sai ta zauna a tanƙware. Me ya faru a ciki?

Ƙarfe ba dunƙule ɗaya ba ne. Ƙwayoyin zarra ne a jere sahu-sahu, kuma a cikin sahun akwai wuraren da layi ya goce. A 1934 masana uku, Taylor a Ingila da Orowan da Polanyi 'yan asalin Hangari, kowa a nasa ɓangaren, suka bayyana cewa tafiyar waɗannan gocewar ce ke sa ƙarfe ya lanƙwasu ba tare da ya karye ba. Ka tuna doguwar dardumar masallacin Juma'a. Mutum ɗaya ba zai iya jan ta gaba ɗaya ba, amma idan ya tayar da ɗan tudu a gefe ya riƙa tura shi da ƙafa har ƙarshe, sai ka ga darduma ta gusa. Haka sahun zarra ke gusawa, layi bayan layi.

Idan ka ci gaba da lanƙwasa wayar gaba da baya, za ka ji wurin ya yi zafi ya yi tauri, can sai ya ɓalle. Gocewar ce ta yi yawa ta cuɗe, ta rasa hanyar wucewa. Maƙeri ya san wannan tun kafin a rubuta shi. Yana dukan ƙarfe a kan uwar maƙera, da ya ji masaba ta fara dawo masa sai ya mayar da shi wuta, ya ce ƙarfe ya gaji. Zafin ne ke sake jera zarrar ya dawo da taushi. A aji nakan lanƙwasa sandar kuza tsantsa kusa da kunnen ɗalibi ya ji tana ƙas-ƙas, ƙarar sahun zarra ke nan suna sauya mazauni. Ban taɓa yi ba yaro bai zaro ido ba.

Yanzu mu dawo kan ruwa. Bututun ƙarfe ya fi saurin tsatsa a inda aka lanƙwasa shi ko aka yi masa zare, don nan ne ƙarfen ya wahala, nan ne kuma rufin zink ɗinsa ya kware. Motoci na bi ta kansa kullum, ɗan tsagin da ya yi a wurin na ƙara buɗewa. Injiniyan jirgin ƙasa na Jamus, August Wöhler, shi ya nuna tun ƙarni na 19 cewa ƙaramin nauyi mai maimaituwa na karya ƙarfen da babban nauyi sau ɗaya bai karya ba. To ga bututunmu na bi ta cikin kwata, ga ruwan famfo ba kullum yake zuwa ba. Lokacin da aka ɗauke ruwa, bututun da babu komai a ciki sai ya zuƙo ruwan kwata ta wannan tsagi. Ranar da ruwa ya dawo, shi ne farkon abin da ke zuba a bokitinka. A bar ruwan farko ya zube na 'yan mintuna, a kuma ɗaga bututu daga cikin kwata.

Tsohon bututu da kan famfo na tagulla kuma kan saki dalma a ruwan da ya kwana a cikinsu. A garin Flint na Amurka, a 2014, sauya mashayar ruwa kawai aka yi ba tare da sa maganin hana cin bututu ba, dalma ta kwararo cikin gidajen mutane.

Ni mai lanƙwasa rodi ne. Idan na yi kuskure na miƙe shi na sake lanƙwasawa, akwai matsala?

Akwai, ɗan'uwa. Wurin da ka lanƙwasa ya riga ya yi tauri, miƙewa da sake lanƙwasawa na bar masa tsagin da ido ba ya gani. Haka gasa shi da wuta don ya yi taushi na rage masa ƙarfin da kamfani ya ba shi. Tun da ginin wata makaranta ya rufta a unguwar Busa Buji ranar 12 ga Yuli, 2024, mutum 22 suka rasu, magina ke yi mini wannan tambaya, kuma ina girmama duk wanda ya yi ta.

Ga gwajin da kowa zai iya yi a kasuwa. Rodi mai milimita 12 na gaskiya, tsawon mita 12, nauyinsa kilo 10.7 ne. Mai milimita 16 kusan kilo 19. Ɗora a sikeli. Idan babban gini ne, a yanki samfuri a kai inda ake da injin jan ƙarfe har ya tsinke. Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa ta Ƙasa na nan a kan titin Zariya.

Tukunyar dalma fa, wadda muke dafa abincin biki?

Alminiyom ce, amma daga tarkacen gwangwan ake narka ta: tsohon injin, lagireto, wani lokacin har da abin da ya taɓa batir. Wani bincike da aka yi a Kamaru a 2014 ya sami irin waɗannan tukwane na sakin dalma a cikin abinci, musamman mai tsami. Kada a bar zoɓo, tsamiya, yakuwa ko miyar tumatir su kwana a ciki, kuma kada a dama kokon jariri a cikinta.

Yaya ake kai ruwa awo?

Nemi sabuwar gorar roba, ɗauraye ta sau uku da ruwan da za a auna, cika ta, rubuta wuri da rana. Idan famfo ne, ɗebi biyu: na farkon asuba da na bayan ya zuba minti biyar. Bambancinsu ke nuna ko bututun gida ne mai laifi. Na ƙwayoyin cuta kuwa kwalbarsa daban ce, ɗakin gwajin ne ke bayarwa, kuma a ranar ake mayarwa. Ka faɗa musu ƙarara kana son a duba dalma, arsenik, kadmiyom (wani ƙarfe mai guba), naitiret da fulorayid, in ba haka ba wasu tsami da laka kawai za su auna. Masu lambun da ke ban ruwa daga kududdufi ɗaya su haɗa kuɗi su auna sau ɗaya da rani.

Gurɓataccen ruwa na kawo ciwon daji?

Wani na kawowa. Arsenik a ruwan sha na shekaru an tabbatar yana haddasa dajin fata, mafitsara da huhu. Dalma kuwa babbar ɓarnarta a ƙwaƙwalwar yara take, sai ƙoda da hawan jini. Amma kada ruwa ya ɗauke mana hankali daga abubuwan da suka fi kashe mu. Dajin hanta a ƙasar nan ya fi zuwa daga ciwon hanta nau'in B da gubar funfunar gyaɗa da masara. Dajin bakin mahaifa wata ƙwayar cuta mai suna HPV ke kawo shi, kuma tun Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinsa kyauta. Nawa biyu da suka kai shekarun an yi musu.

Da gaske ana gadon ciwon daji?

Ba ciwon ake gada ba, rauni ake gada. Cikin kowane mutum 100 masu ciwon daji, 5 zuwa 10 ne nasu ke da tushe a gado. A jikinmu akwai ƙwayoyin gado da aikinsu gyaran ɓarnar da ke faruwa a cikin ƙwayar halitta, kuma kowannensu biyu muke da shi, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kamar ƙofa mai kwaɗo biyu. Yawancin mutane sai duka biyun sun lalace a tsawon rayuwa kafin ɓarawo ya shiga. Mai gado an haife shi da kwaɗo ɗaya a karye, shi ya sa nasa ke zuwa da wuri.

Waɗanda aka fi sani su ne BRCA1 da BRCA2. Masaniyar kimiyya 'yar Amurka Mary-Claire King ce ta gano mazaunin na farko a 1990, aka tantance shi kansa a 1994, na biyu a 1995. Macen da ke ɗauke da lalataccen ɗayansu, haɗarin dajin nono a tsawon rayuwarta ya haura kashi 60 cikin 100, ga kuma haɗarin dajin ma'ajiyar ƙwai, wanda ya fi yawa ga mai BRCA1.

Wannan ba ciwon Turawa ba ne. Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago da abokan aikinta na Ibadan sun auna mata 1,136 masu dajin nono, suka fitar da sakamako a 2018: kusan kashi 15 cikin 100 na ɗauke da raunin gado, kashi 7 a BRCA1, kashi 4 a BRCA2. Adadin ya fi abin da aka saba gani a matan Turai. Ga shi dajin nono ne kan gaba a ƙasar nan, da sabbin mata kusan 30,000 a shekara.

Akwai wasu nau'o'in. Ciwon Lynch na sa dajin babban hanji da na mahaifa tun da ƙuruciya. Akwai kuma dajin idon yara: idan baƙin idon yaro na haske fari kamar na mage, musamman a hoto, a kai shi asibitin ido a makon, kada a jira.

Ta yaya zan gane ko gidanmu na ciki?

Zauna da tsohuwar da ta fi kowa sanin dangi, da takarda da biro. Rubuta wa ya yi ciwo, a ina a jiki, yana shekara nawa. Alamomin su ne: dajin nono kafin shekara 50, nono biyu a mace ɗaya, dajin ma'ajiyar ƙwai a kowane shekaru, namiji mai dajin nono, mutum biyu ko uku a tsatso ɗaya, dajin hanji kafin 50. Tsofaffi ba za su ce daji ba, za su ce ƙari, ko ciwon da ya fashe, ko cikinta ya kumbura da ruwa. Rubuta yadda suka faɗa, likita zai fahimta.

A dangin babana ne aka yi, ba na mamana ba. Na tsira?

Ba ki tsira ba, 'yar'uwa, kuma nan ne ake yawan kuskure. Namiji na ɗaukar raunin ya miƙa wa 'yarsa ba tare da ya taɓa ciwo ba. Duk ɗan wanda ke ɗauke da shi, mace ko namiji, rabi da rabi ne: ko ya gada ko bai gada ba. Gwaggona ƙanwar mahaifina ce, shi ya sa lissafin ya biyo ta kaina zuwa 'ya'yana. Maza masu BRCA2 su ma suna da ƙarin haɗarin dajin mafitsarar maza (prostate) da na nono.

Yaya gwajin yake, kuma me sakamakon ke nufi?

Jini ne ko yawu. A fara da likita a babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo ko Asibitin Ƙasa a Abuja, a yi bayani kafin a ɗebi komai. Galibi ana aika samfurin Legas ko ƙasar waje, kuma akwai tsada. Idan kuɗin na mutum ɗaya ne, a fara da wadda ke da ciwon in tana raye. Idan aka gano takamaiman raunin a jikinta, sauran dangi wuri ɗaya za a duba musu. Mu mun rasa wannan dama, gwaggo ta tafi ba a ɗebi nata ba, kuma har yau abin na yi mini ciwo.

Sakamako uku ne. An samu, wanda ba ya nufin kina da ciwo. Ba a samu ba, wanda ba ya nufin ba za ki taɓa yi ba. Sai na uku: an ga wani bambanci da ba a tantance ko yana cutarwa ba. Wannan ya fi fitowa ga 'yan Afirka, don yawancin bayanan da ake kwatantawa da su daga jinin Turawa aka tara. Ba a yin tiyata a kan irin wannan sakamako. Ba a kuma yi wa yara gwajin BRCA, sai sun girma sun zaɓa da kansu.

Idan aka samu, sai me?

Sai a fara sa ido da wuri. Likita ya riƙa duba nono daga shekara 25, hoton MRI duk shekara daga nan, a ƙara da hoton nono na mamogiram daga 30. Bayan an gama haihuwa akan ba da shawarar cire ma'ajiyar ƙwai da bututunta, tsakanin 35 da 40 ga mai BRCA1, 40 zuwa 45 ga mai BRCA2. Wasu na zaɓar cire nonon, kamar yadda 'yar fim ɗin Amurka Angelina Jolie ta bayyana ta yi a 2013, amma ba dole ba ne. Mai ciwon Lynch kuwa leƙa hanji da kyamara ake fara masa tun yana ɗan shekara 20 zuwa 25. Wadda ba ta da kuɗin gwaji amma tarihin gidansu ya nuna alama, ta kai wa likita takardar nan da ta rubuta, a tsara mata dubawa a kan ta. Kuma duk ƙullutun da aka ji a nono, ko ba ya zafi, a bari a ɗebi ɗan nama a auna. Allurar awo ba ta watsa ciwo, jiran da ake yi ana shafe-shafe ne ke ba shi lokaci.

Malam, idan aka ji 'yata na da shi, wa zai aure ta?

Hajiya, wannan tambayar a keɓe kika yi mini, kuma na ga hawaye a idonki. Abin ba kamar sikila ba ne da ake gudun haɗuwar AS da AS. Nan daga ɓangare ɗaya yake zuwa, kuma yarinyar lafiyarta ƙalau, za ta haihu ta shayar. Shayarwa ma na rage mata haɗarin. Sakamakon nata ne, ba na unguwa ba. Waɗanda ke da haƙƙin ji su ne 'yan'uwanta na jini, don su ma abin ya shafe su, sai mijin da za ta zauna da shi, wanda zai riƙa raka ta asibiti duk shekara. Da na zaunar da babbar 'yata na nuna mata takardar danginmu, ta daɗe tana kallon sunan gwaggo, sannan ta karɓi biron ta ƙara sunan wata 'yar baffanmu da ke Rikkos wadda ni na manta. Wancan makon muka je muka gaishe ta, muka tafi da takardar.